Sunan Da Ke Ƙarƙashin Buscopan: Sharhi Kan Sauya Maganin Murɗar Ciki

Goggona ta shafe shekaru tana fama da murɗar ciki, irin wadda takan taso bayan cin abinci ta naɗe mutum a kan tabarma, sannan ta lafa kamar ba a yi ba. Da aka yi mata gwaje-gwaje a asibiti ba a ga gyambo ko ƙari ba, likita ya ce larura ce ta hanji mai saurin harzuƙa, wadda suke kira IBS, ya kuma rubuta mata Buscopan ta riƙa sha idan ciwon ya motsa. Tun daga lokacin sunan nan ya zauna mata a baki. Ranar da ta aike ni na sayo mata, mai harhaɗa magunguna ya ce nasu ya ƙare, kuma ko ya zo kuɗinsa ya yi sama sosai, amma akwai wani na wani kamfani da sinadarinsu ɗaya, wanda bai kai rabin kuɗin wancan ba. Na karɓa na kawo. Ta juya kwalin gaba da baya, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ɗora a tafin hannu ta ƙura mata ido, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, wannan ba nawa ba ne. Mayar musu, kada a ba ni abin da zai ƙara mini wani ciwon."

Ban ga laifinta ba, domin wanda ya rayu a ƙasar da jabun magani ya sha kashe mutane yana da hujjar yin taka-tsantsan da duk kwalin da bai saba gani ba. Sai dai tsoron nata ya haɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe su, wato magani ɗaya da ya fito daga kamfani daban, da magani daban da ake sha don ciwo iri ɗaya, da kuma jabu. Na farkon shi ne ake kira jenerik, kuma a kan maganin murɗar ciki kusan babu abin fargaba a cikinsa. Hatsarin da ke akwai yana cikin sauran biyun, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne, yawancin mutane sun fi tsoron na farkon.

Kowane magani yana da suna biyu. Akwai wanda kamfani ya raɗa don kasuwa, wanda ake rubutawa da manyan haruffa masu launi, akwai kuma sunan sinadarin da ke yin aikin, wanda yawanci ake maƙalawa a ƙasa da ƙananan haruffa. Buscopan sunan kasuwa ne. Sinadarin da ke cikinsa shi ne hyoscine butylbromide, wanda a wasu ƙasashe ake rubuta shi butylscopolamine, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 10. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1950, daga sinadarin hyoscine da ake tatsa daga ganyen wata bishiya ta Ostireliya mai suna Duboisia. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikin zaƙami, tsiron nan mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya da kowa ya san yana juya hankalin wanda ya sha. Hikimar masanan Jamus ita ce, sun ƙara wa ƙwayar sinadarin wani ɗan reshe da ya sa ta zama mai ɗauke da cajin lantarki na dindindin, kuma sinadari mai irin wannan caji ba ya iya ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Da haka aka sami maganin da ke sassauta hanji ba tare da ya taɓa hankali ba.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Bangon hanji, da na mafitsara, da na mahaifa, da na bututun da ke ɗauko ruwan matsarmama, duk suna da wata irin tsoka da ba mutum ke sarrafa ta da niyya ba. Jijiyoyi ne ke aika mata saƙo ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin, ita kuma ta matse. Idan matsewar ta yi yawa ko ta zo ba bisa ƙa'ida ba, shi ne mutum zai ji cikinsa yana murɗawa kamar ana matse wanki. Hyoscine butylbromide yana zuwa ya zauna a gurbin da saƙon ke sauka, sai tsokar ta saki. Wannan aiki na ƙwayar sinadarin ne, kuma ƙwayar sinadari ba ta san sunan kamfanin da ya matsa ta ta zama ƙwayar magani ba.

Doka tana ba wanda ya ƙirƙiro magani damar mallakar fasaharsa na wani lokaci, wanda a tsarin duniya na yanzu shekara 20 ne, domin ya mayar da abin da ya kashe wajen bincike. Idan wa'adin ya cika, kowane kamfani da ya cika sharuɗɗa yana iya haɗa sinadarin ya sayar. Wa'adin wannan magani ya ƙare tun da daɗewa, shi ya sa kamfanoni da yawa a Indiya da Turai da Najeriya ma suke yin sa. Arahar da suke sayarwa ba wai don sun rage sinadarin ba ne. Ba su kashe kuɗin binciken farko ba, ba su kashe kuɗin talla na shekara da shekaru ba, kuma suna gogayya da juna a kasuwa. Shi kansa sunan Buscopan kadara ce da ake saye da sayarwa, domin a farkon 2017 ya koma hannun kamfanin Sanofi na Faransa, lokacin da kamfanonin biyu suka yi musaya, Sanofi ya karɓi ɓangaren magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba, Boehringer kuma ya karɓi ɓangaren magungunan dabbobi. Masu shan maganin ba su ji wani canji a cikinsu ba a wannan shekarar, don kuwa suna ne ya canja hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, da ta sa wannan magani a jerin magunguna masu muhimmanci, da sunan sinadarin ta rubuta shi.

Abin da ya sa wannan magana ta zama ruwan dare a gidajenmu cikin 'yan shekarun nan shi ne tsada. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, kuma a cikin wannan shekarar ce kamfanin GSK, daga baya kuma Sanofi, suka sanar da cewa za su daina gudanar da kasuwancinsu kai tsaye a Najeriya, su miƙa rarraba kayansu ga wasu kamfanoni. Sunayen da mutane suka saba da su suka yi wuyar samu ko suka fi ƙarfin aljihu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu shiga wannan hali da kusan shekara talatin, domin a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin maganin da ake kawowa daga Faransa ya ninka a dare ɗaya, kuma wannan ne ya tilasta wa ƙasashen da ke amfani da sefa su rungumi tsarin magungunan jenerik a asibitocin gwamnati da gaske.

Yanzu sai tambayar da ta fi muhimmanci, wato ta yaya ake tabbatar da cewa ƙwayar wani kamfani tana aiki kamar ta asali. Hanyar da hukumomi suka saba bi ita ce a tara mutane masu lafiya, yawanci ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu, a ba kowannensu maganin asali a wani lokaci, a ba shi sabon a wani lokacin, ana ɗibar jininsa a kai a kai ana auna yawan sinadarin da ya shiga da kuma ƙololuwar da ya kai. Sharaɗin shi ne, idan aka kwatanta sabon da na asali, dukkan tazarar da lissafi ya nuna cewa gaskiyar tana cikinta, da tabbacin kashi 90 cikin 100, dole ta faɗa tsakanin kashi 80 da kashi 125. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sukan fahimci wannan a karkace, su ce ai an yarda jenerik ya gaza na asali da kashi 20. Ba haka ba ne. Kafin tazarar gaba ɗayanta ta shige cikin wannan iyaka, dole tsakiyarta ta kasance dab da kashi 100. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taɓa bitar irin waɗannan gwaje-gwaje guda 2,070 da aka gabatar mata daga 1996 zuwa 2007, ta tarar matsakaicin bambancin bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, wanda bai fi bambancin da ake samu tsakanin rukuni biyu na maganin kamfani ɗaya ba.

A nan ne kuma wannan magani yake da wani sarƙaƙiyar da ba a cika faɗa ba, kuma ina ganin rashin adalci ne a ɓoye ta. Cajin nan da ya hana shi shiga ƙwaƙwalwa shi ne kuma yake hana shi ratsa bangon hanji sosai. Idan aka haɗiye ƙwayar, abin da ke isa cikin jini yana zagayawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Aikinsa yana yi ne a nan inda ya sauka, a jikin bangon hanjin. Saboda haka auna jini, wanda shi ne babban ma'auni ga maganin hawan jini ko na zazzaɓi, ba ya ba da cikakken labari a kan wannan. Ɗan abin da ke shiga jinin ƙanƙani ne ƙwarai, sai da na'ura mai tsananin ganewa ake iya auna shi, kuma yana bambanta sosai daga mutum zuwa mutum. Wannan ya sa nauyin ya koma kan wasu gwaje-gwaje na ɗakin bincike, wato a tabbatar da cewa miligiram 10 ɗin da aka rubuta suna nan a cikin kowace ƙwaya, sinadarin tsarkakakke ne, kuma ƙwayar tana farfashewa ta narke cikin lokacin da aka ƙayyade. Ƙwayar da aka matse ta yi tauri da yawa, ko aka lulluɓe ta da rufin da ba ya narkewa da wuri, tana iya ɗauke da sinadarin cif amma ta makara wajen sakin sa, mai ciwo kuwa yana can yana juyi yana jiran sauƙi. Ma'anar wannan ita ce, a kan maganin murɗar ciki, abin dubawa shi ne ingancin masana'antar da ta yi shi da ƙarfin hukumar da ta yi masa rajista, kuma duka biyun abubuwa ne da mai saye yake iya bincika wani ɓangare nasu.

Akwai bambanci na gaskiya guda ɗaya tsakanin na asali da takwarorinsa, shi ne kayan haɗi. Miligiram 10 ɗan mitsitsi ne, ba zai kamu a hannu ba, don haka ake gauraya shi da sitaci da wasu abubuwa a ba shi jiki. Ƙwayar Buscopan tana da rufin sukari, shi ya sa take da santsi kuma ba a jin ɗacinta. Wani kamfanin yakan yi rufi na siririyar fata, wani ya sa sukarin madara a cikin haɗin, wani ya ƙara launi. Ga mafi yawan mutane wannan ba ya canja komai in ban da ɗanɗano da kamanni. Amma wanda ya san jikinsa ba ya karɓar wani launi ko wani kayan haɗi, ya kamata ya karanta takardar da ke cikin kwalin ko ya tambayi mai harhaɗa magunguna, kuma wannan haƙƙinsa ne, ba roƙo ba.

Sai kuma zuciya, wadda ba ƙaramar rawa take takawa a ciwon hanji ba. Hanji da ƙwaƙwalwa suna da alaƙa ta jijiyoyi mai ƙarfi, shi ya sa fargaba take kaɗa ciki, kuma shi ya sa wanda ya sha magani yana zarginsa yakan ji bai yi masa aiki ba, wani lokaci har ya ji ya ƙara masa ciwo. Likitoci sun san wannan sarai, kuma ciwon da mutum ya ji a wannan hali ciwo ne na gaskiya, ba ƙarya yake yi ba. Ƙari a kan haka, larurar IBS da ma takan yi sama ta yi ƙasa da kanta, gwargwadon abin da aka ci da yawan damuwa da barci. Idan sauyin magani ya zo daidai da makon da ciwon ya tsananta, nan take za a ɗora wa sabon kwalin laifi. Hanyar adalci ita ce a gwada sabon a tashin ciwo uku ko huɗu, a kan adadin da aka saba sha, ba tare da an canja abinci ko an ƙara wani magani a lokacin ba, sannan a yanke hukunci. Idan bayan haka mutum ya tabbatar ba ya samun sauƙin da ya saba, sai ya koma wa na farko ko ya gwada na wani kamfanin, ya kuma sanar da wanda ya sayar masa, domin irin wannan ƙorafi ne ke tona asirin rukunin da ya fito da matsala.

Wannan damar gwaji ba kowane magani ne yake da ita ba. Akwai magungunan da tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, irin su maganin farfaɗiya, da warfarin mai tsinka jini, da levothyroxine na maƙoƙo. A 2017, da aka canja kayan haɗin wani sanannen levothyroxine a Faransa, dubban mutane sun yi ƙorafin canji a jikinsu har maganar ta kai kotu. Irin waɗannan ba a sauya su sai da sanin likita. Hyoscine butylbromide na haɗiya ba ya cikin wannan sahu, domin ɗan bambanci a adadinsa ba ya jefa mutum cikin hatsari, kuma sakamakonsa abu ne da mai sha yake ji da kansa cikin ƙasa da sa'a guda.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen suna. Akwai wani magani mai suna hyoscine hydrobromide, wanda ake sha don hana jiri da amai a mota ko a jirgi. Kalmar farko ɗaya ce, ta biyun ma ƙarshenta ɗaya ne, amma magunguna ne biyu mabambanta. Shi wannan ba shi da reshen nan da ke hana shiga ƙwaƙwalwa, wato ya fi kusa da abin da ke cikin zaƙami, kuma ƙwayarsa ta manya miligiram 0.3 ce kawai. Wanda ya sha shi da adadin wancan ya sha fiye da ninki talatin na ƙwaya ɗaya, kuma abin da zai biyo baya shi ne ruɗewa da gane-gane da bugun zuciya mai tsanani. Saboda haka faɗin "a ba ni hyoscine" kawai bai isa ba, sai an ga kalmar butylbromide a rubuce a jikin kwalin da ido.

Haka nan akwai masu ƙarin suna a gaba. Buscopan Plus, da takwarorinsa na wasu kamfanoni, yana ɗauke da miligiram 500 na farasitamol a kan miligiram 10 na maganin murɗar. Matar da ke fama da ciwon mara, wadda ta sha irin wannan sannan ta ƙara da farasitamol daban, ta kuma sha maganin mura da shi ma yake da farasitamol a ciki, tana iya wuce giram 4 a yini, wanda shi ne iyakar babban mutum, kuma hanta ce take biyan bashin ba tare da wata alama ta farko ba. A wasu ƙasashe kuma ana haɗa shi da dipyrone, wanda aka fi sani a nan da Novalgin ko Analgin, maganin da ƙasashe da dama suka hana saboda yakan rushe fararen ƙwayoyin jini a jikin wasu mutane, kuma a Najeriya ma an hana shi. Wanda aka kawo wa tsarabar magani daga waje ya kamata ya duba wannan da kyau.

Sannan ga abin da ya fi faruwa a kemis na unguwa, inda za a ce babu wanda ka tambaya amma ga "irinsa". Wani lokaci irin nasa da ake nufi shi ne mebeverine, ko drotaverine da aka sani da No-Spa, ko phloroglucinol da ake sayarwa da sunan Spasfon, wanda a Maraɗi da Damagaram da Yamai ya fi Buscopan suna. Duk waɗannan magungunan murɗar ciki ne na gaskiya, amma sinadaransu daban ne, hanyar aikinsu daban, adadin shansu daban, waɗanda aka hana su sha ma daban. Komawa gare su canjin magani ne ɗungurungum, kuma shawara ce ta likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Ba daidai ba ne yaron shago ya yanke ta don kawai abin da ke kan kanta ke nan.

Batun jabu kuwa, a nan ne tsoron Goggo yake da tushe, sai dai ta sa shi a gurbin da ba nasa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ko dai jabu ne ko kuma bai kai inganci ba. Amma mai yin jabu riba yake nema, kuma riba ta fi yawa a sunan da ya shahara kuma yake da tsada, don haka babban suna a jikin kwali ba kariya ba ne. Kariyar tana cikin rajista da kuma hanyar da maganin ya bi kafin ya iso hannu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma ta yi suna a zamanin Farfesa Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, ta samu shaidar mataki na uku na ƙwarewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, kuma tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista a intanet mai suna Greenbook, inda mutum zai iya shigar da lambar da ke jikin kwali ya ga ko ta dace da sunan maganin da kamfaninsa. Wannan dubawar tana da amfani domin lamba kaɗai kowa yana iya buga ta. Tsarin nan na kankare kwali a aika lamba ta waya galibi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta ake samun sa, don haka rashinsa a jikin maganin murɗar ciki ba shaidar jabu ba ne.

Hanyar da magani ya bi ita ce ta sa aka dage a Kano sai da aka tashi dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro a kan hanyar Zariya a 2024, duk da turjiyar da aka sha. Magani mai kyau ma yana lalacewa idan ajiya ta ɓaci. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura 40, kuma kwalin da ya wuni a kan tire a tasha ko a cikin shagon kwano ya sha abin da ba a yi shi don ya sha ba. Al'adar yanka kati a sayar da ƙwaya biyu ko uku ita ma tana da illa, domin almakashin yakan tafi da sunan sinadarin da ranar lalacewa da lambar rukuni, mai saye ya koma gida da abin da ba zai iya tantancewa ba. Ni a ganina gara jenerik mai rajista a cikin kwalinsa daga famasi mai lasisi, da babban suna da aka yanko daga katin da ba a san inda ya kwana ba.

Tun da sinadarin ɗaya ne, illolinsa da sharuɗɗansa ma ɗaya ne, kuma araha ba ta sassauta su. Yana iya busar da baki, ya sa zuciya ta ƙara sauri, ya ɗaure bayan gida, ya dishe gani na ɗan lokaci, ya kuma rage gumi, wanda a lokacin bazara abin lura ne ga mai aiki a rana. An hana shi ga mai wani nau'in hawan jinin ido da ake kira gilakoma mai ƙuntataccen lungu, da dattijon da kumburin furostet ya sa fitsari yake masa wuya, da mai cutar raunin tsoka ta myasthenia gravis, da wanda hanjinsa ya toshe ko ya daina motsi. Ƙwayar ba ta yara 'yan ƙasa da shekara 6 ba ce, mai ciki da mai shayarwa kuma sai da shawarar likita. Allurarsa, mai miligiram 20, wani lamari ne daban, domin ita gaba ɗayanta take shiga jini. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kanta bayan rahotannin mutuwar wasu masu ciwon zuciya da aka yi wa. Ina faɗin wannan ne saboda yadda mutanenmu suka ɗauki allura a matsayin magani mafi ƙarfi, har wani yakan ce tun da an ba shi mai araha, a yi masa allura ta cike gurbin. Wannan ba ciniki ba ne da za a yi a bayan kanta.

Abu na ƙarshe da araha take iya jawowa shi ne yawan sha ba tare da an san abin da ake sha dominsa ba. Wannan magani yana kwantar da murɗa ne kawai, ba ya warkar da musabbabinta. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara gefen dama na ƙasan ciki yana ƙaruwa yana iya zama afendis. Ciwon ciki mai tsanani bayan kwanaki ana zazzaɓi yana iya zama taifot da ta huda hanji, abin da likitocin tiyata a asibitocinmu suke gani a jikin yara da matasa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Matar da al'adarta ta makara sannan ta ji suka a gefe ɗaya na mara, ko da ɗan ɗigon jini ko babu, tana iya kasancewa da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma wannan sa'o'i ne ke raba rai da mutuwa a cikinsa. Haka jini a bayan gida, da amai ba ƙaƙƙautawa, da kumburin ciki tare da rashin fitar iska, da rama ba dalili, da sabon ciwon ciki ga wanda ya haura shekara arba'in. A duk waɗannan, ko na Jamus aka sha ko na Indiya, an ɓata lokacin da ya kamata a yi a hanyar asibiti.

Washegari na koma famasin tare da Goggo, da tsohon kwalinta da ta ajiye a cikin kwalla. Mai harhaɗa magungunan ya jera kwalayen biyu a kan kanta, ya ɗora yatsa a kan ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin kowane suna, ya ce, "Hajiya, ki duba nan, ki duba nan, baƙaƙen iri ɗaya ne, lambar ma goma ce a duka biyun." Ba ta karanta boko, amma ta bi haruffan da ido ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba zanen atamfa, ta tambaye shi ko ciwon idon da ake sa mata magani a kansa yana hana shan wannan. Ya nemi ganin ɗigon idon, da ya ga na ƙaiƙayi ne ya ce babu komai, amma idan ta taɓa jin ido ya yi ja yana zafi gani ya dishe bayan ta sha, ta daina ta nufi asibiti a ranar. Sannan ya rubuta mata cikakken sunan sinadarin da miligiram ɗinsa a wata 'yar takarda, ya ce duk wanda za ta aika ta ba shi ita. Takardar tana nan a cikin kwallar, a naɗe cikin tsohon kwalin, kuma ita take zarowa ta ba ni duk lokacin da za ta aike ni.